Wai D'Tigers ɗin nan tamu ce kuwa?

Ɗan Arsenal: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wani bidiyo ne ƙanina ya turo min yanzu wai D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, ta ci Amurka a ƙwallon kwando 90 da 87. Ni dai nace masa haɗi ne irin na masu waya, ta yaya za a ce mun ci mutane a wasan da a ƙasarsu aka ƙirƙiro shi. Yaron har rantsuwa yake min. Wanda ya sani ya raba mu.

Malam Habu: Wa alaikumussalam. Yaro ya fi ka gaskiya, sai dai tsohon zance ne ba na jiya ba. Ranar 10 ga Yuli 2021 aka yi shi a Las Vegas, wasan share fage ne kafin a tafi Olamfik ta Tokyo. Kuma ba wai 'yan benci Amurka ta zubo ba, Kevin Durant yana ciki, Damian Lillard yana ciki, Jayson Tatum yana ciki. Shi ne karon farko da wata ƙasa daga Afirka ta taɓa cin su. Yaranmu sun jefa ta maki uku har sau 20 a daren, Gabe Vincent shi kaɗai ya ci maki 21. In ka duba bidiyon da kyau za ka ga inda Durant ya taso zai dankara ƙwallo a raga Precious Achiuwa ya bi shi sama ya make ta. Ni wannan wajen na maimaita shi ya fi sau talatin har data ta ƙare.

Ɗan Arsenal: Ikon Allah. To Allah gafarta malam me ya sa ba mu taɓa ji ba? Da Super Eagles ce ta ci Brazil ko a wasan sada zumunta ne ai da har yau ana zancen a majalisar mai shayi

Malam Habu: Tambayi Baban Khalifa, gashi nan yana karantawa ya yi shiru. A watan Agustan 2025 da ake gasar kwando ta Afirka a Angola sau biyu ina zuwa gidan kallonsa ina roƙo a nemo min tashar ko ta kwata ɗaya ce in gani, ya ce min in je in dawo.

Baban Khalifa: Haba Malam Habu kar ka ɓata ni a gaban jama'a. Satin da aka dawo Firimiya ne fa. Benci cike da mutane kowa ya biya kuɗinsa, man janareto kai ka san yadda lita take yanzu, sai in kashe musu wasa in kunna maka wasu zaratan dogaye suna ta zirga-zirga ana ta ƙirga ɗari da wani abu? Wlh da rufin kwanon ma sai sun ɗaye. Ni ba ƙin abin nake ba, ka kawo min mutum goma masu biya in kunna muku ƙaramar talabijin ɗin ta baya

Malam Habu: Mutum goma a garin nan? Ni da kai da ɗan wajen Kawu mu uku kenan, shi ma don na ce zan saya masa awara ne.

Kawu Ilu: Ni fa ina da tambaya kuma ba da wasa nake ba. Jikana ya nuna min hotonsu a waya. Waɗannan yaran wanne ne a cikinsu ya taɓa kwana a Najeriya? An ce min yawancinsu can aka haife su, can suka yi makaranta, can suke cin abinci, wani ko gaisuwa da yaren ubansa bai iya ba. Sai lokacin gasa a ɗinka musu riga kore da fari a ce ga Najeriya. Mu a Hausa cewa muke kayan aro ba ya rufe katara. In sun ci su suka ci, mu me muka ci?

Injiniya: Kawu barka da dare, Allah ya ƙara girma. Maganarka akwai ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Eh da yawa a Amurka aka haife su, Gabe Vincent ɗin da Malam ya ambata a California aka haife shi, Al-Farouq Aminu da yayansa Alade a Atlanta, Ike Diogu ma a Amurkan. Amma shi Achiuwa a Fatakwal ya taso kafin ya tafi, Josh Okogie a Legas aka haife shi aka tafi da shi yana ƙarami. Kuma aro ai abin wani ake arowa, waɗannan jinin 'yan Najeriya ne, iyayensu daga nan suka tafi. Yanzu Kawu ɗanka da ke Legas shekara ashirin, 'ya'yansa da ko fura ba su iya damawa ba in sun zo sallah cewa kake ba jikokinka ba ne?

Kawu Ilu: Jikokina ne amma ba na tura su su wakilce ni a wajen rabon taki.

Ɗan Arsenal: Hhhhh Kawu ya gama magana wlh

Ɗan Samaru: Bari in sa baki a nan. Akwai doka fa, ba haka kawai ake kwaso mutum ba. Hukumar FIBA mai kula da wasan a duniya ta ce kowace ƙasa mutum ɗaya tak za ta sa a tawaga wanda aka ba wa takardar zama ɗan ƙasa daga baya, kuma abin da suke dubawa shi ne ko ka mallaki fasfo ɗin ƙasar kafin ka cika shekara 16. To ka ga wanda ubansa ya damu ya yi masa koren fasfo tun yana yaro ai ba baƙo ba ne. Ni abin da ya fi ci min rai ma waɗanda suka kuɓuce mana ne. Giannis Antetokounmpo uwa da uba duk 'yan Najeriya amma Girka yake bugawa don can aka haife shi. Bam Adebayo ubansa ɗan Najeriya ne, kuma a wannan wasan na Las Vegas a ɓangaren Amurka yake, shi muka ci. Uwa uba Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, da Houston a 1994 da 1995, amma zinaren Olamfik na 1996 da rigar Amurka ya karɓe shi. To wanda ya zaɓi ya zo ya sa tamu alhali yana da inda ya fi mu tsari ni a wajena ya cancanci a ce masa sannu.

Malam Habu: Yauwa Ɗan Samaru. Kuma Kawu tunda kai mai son addini ne, shi Hakeem ɗin nan musulmi ne, da azumi a bakinsa yake buga wasa a NBA, a Fabrairun 1995 da ya faɗo cikin Ramadan ma shi aka zaɓa gwarzon wata. Sannan abin da mutane ba su sani ba, wasan farko da ya fara bugawa a gasa a Sakkwato ne, wajen wasannin makarantun horon malamai. Ƙwallon hannu ya je bugawa, aka ga tsayinsa aka ce ya zo ya gwada kwando, yana da wajen shekara 15 lokacin. Kun ga kenan da ba a yi wannan taron wasannin makarantu ba da wataƙila har ya tsufa gola ne a wata unguwa a Legas.

Kawu Ilu: To Allah ya karɓi azuminsa. Amma har yanzu ba a amsa min ba, ina ɗan Kano ina ɗan Jigawa a ciki?

Injiniya: Nan kam Kawu ka taɓo inda yake min ciwo. Jama'a da yawa in an ce Kano Pillars ƙwallon ƙafa kawai suka sani, sai masu gida sai masu gida, alhali akwai Pillars ta kwando kuma ta ɗauki kofin ƙasar nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Lokacin ina koyon aiki a birni ina zaune wajen Fagge, da la'asar sai mu taka zuwa Ƙofar Mata, ɗakin wasa na cikin filin Sani Abacha. Wlh ba zan manta ba, zafi kamar gidan burodi, fankoki na juyawa amma ba ka jin komai, takalma suna ta ƙiiƙii a kan daɓen, masu ganga a sama, in ɗan Pillars ya jefa ta maki uku ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗauka kamar zai tsage. Akwai wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa da ya san sunan kowane ɗan wasa har da garinsu, in an ci Pillars ranar ko ciniki ba ya yi da fara'a. Gasar a rabe take gida biyu, ɓangaren Savannah namu na arewa da su Gombe Bulls, ɓangaren Atlantic na kudu. Yaran arewa sun buga, wasu har an gayyace su tawagar ƙasa. Abin da ya karya komai rigimar shugabanci ce. A 2017 zaɓe biyu aka yi na hukumar kwando ta ƙasa, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ɓangaren Tijjani Umar da ɓangaren Musa Kida kowa ya ce shi ne shugaba, aka shiga kotu, gasar cikin gida ta yi shekaru tana tangal-tangal. To yaron da ba shi da gasar da zai buga a gida ta ina mai horarwa zai gan shi? Dole a ɗauko wanda ke bugawa a Amurka da Faransa da Sifaniya tunda shi kullum a cikin wasa yake.

Ɗan Samaru: Ƙara da 2022 Yaya Injiniya. A watan Mayu gwamnatin Buhari ta sanar cewa ta janye Najeriya daga duk wata gasar kwando ta duniya har shekara biyu wai sai an gyara gida. Ba a yi wata biyu ba aka janye maganar, amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku, 'yan mata sun rasa gurbinsu na kofin duniya a Ostireliya aka ba wa Mali. Gurbin da suka sha wuya suka samu da guminsu. Mazan kuma ba su je kofin duniya na 2023 ba, ba su je Olamfik ta Faris ba.

Baban Khalifa: To kun gani, ku da kanku kuna faɗar abin ba tsari amma ni ake so in ƙona mai

Maman Ilham: Salamu alaikum, tun ɗazu ina bi ina jira in ga ko wani zai tuna da mata sai da Ɗan Samaru ya taɓo su a gefe kamar yaji. Kuna ta Amurka Amurka a wasan da ko kofin shayi ba a bayar ba. Maza sau nawa suka ɗauki kofin Afirka? Malam Habu faɗa musu da bakinka.

Malam Habu: Sau ɗaya ne Hajiya. 2015 a Tunisiya, muka ci Angola 74 da 65 a wasan ƙarshe, Chamberlain Oguchi ya zama gwarzon gasa. A 2017 mun sake zuwa ƙarshe Tunisiya ta cinye mu a gidanta.

Maman Ilham: Madalla. D'Tigress, tawagarmu ta mata, kuma sau biyar a jere, 2017, 2019, 2021, 2023, da na 2025 a Abidjan da suka ci Mali. A Olamfik ta Faris 2024 sun ci Ostireliya sun ci Kanada suka shiga kwata fainal, ba wata tawagar Afirka ta maza ko ta mata da ta taɓa kai wa nan a kwandon Olamfik. Kuma wadda ta horar da su a Faris da Abidjan mace ce, Rena Wakama. Hukuma ɗaya ce fa, rigima ɗaya ce, rashin kuɗi ɗaya ne. To su da me suke ci? Ni dai a daina laɓewa a bayan hukuma.

Ɗan Arsenal: Anti a yi mana afuwa mun tuba 😂

Injiniya: Hajiya ba a ja da ke, matan sun fi mu zuciya wannan ba musu. Amma akwai wani bambanci da ya kamata a duba. Su matan kusan mutanen nan ne dai suke dawowa duk gasa, sun san juna, wannan ta san inda waccan za ta tsaya tun kafin ta juya. Mazan kuwa wasannin neman gurbi a tsakiyar kaka ake yin wasu, Nuwamba da Fabrairu, lokacin NBA na gudana ba mai sakin ɗan wasansa. Sai a tara wasu daban su je su nemo gurbi, in babbar gasa ta zo a kira wasu daban, koci ma yau wannan gobe wancan. Ayo Bakare ya kai mu Olamfik ta Landan 2012, Will Voigt ya ci kofin 2015, Alex Nwora ya je kofin duniya na Chaina 2019, Mike Brown ya je Tokyo. Kwando kuma ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da mutum ɗaya zai iya zura ɗaya a koma baya a tsare gida, mutum biyar ne kacal a fili, daƙiƙa 24 ake ba ku ku jefa ko a karɓe, in ba ku saba da juna ba kafin ku gama kallon-kallo lokaci ya tafi.

Malam Habu: Shi ya sa ni wasan Las Vegas ɗin nan daɗinsa da ɗacinsa tare nake ji. Bayan Amurka muka ci Ajantina ma, kowa ya ce shikenan bana sai lambar yabo. Aka je Tokyo wasa uku aka ci mu duka, Ostireliya, Jamus, Italiya. Na Jamus ɗin ne ya fi min ciwo don Jordan Nwora namu ya ci maki 33 shi kaɗai amma aka tashi 99 da 92. Da asuba na bi wasan a waya ina zaune a kan turmi a tsakar gida don nan ne kawai sabis yake kamawa, uwargida ta fito alwala ta ganni na dafe kai ta ɗauka rasuwa aka yi. Bayan an gama ɗan wasanmu Chimezie Metu ya fito ya faɗi irin wahalar da suka sha ta tafiya da rashin tsarin jami'ai, ya ce abin ya hana su mai da hankali. Amma duk da haka in ka tuna daga inda aka taso dole ka jinjina. A Landan 2012 Amurkan nan ta ci mu 156 da 73, ratar maki 83, Carmelo Anthony ya ci 37 cikin minti goma sha huɗu da 'yan kai. Shekara tara tsakani muka rama.

Ɗan Arsenal: 156?? Malam wannan ai ba ci ba ne kisan kai ne. Gara mu da Man U ta ci 8 da 2

Baban Khalifa: Kai dai ba ka da bakin magana, har yau ina bin ka kuɗin kallon wasa biyu

Kawu Ilu: Ni duk na ji bayananku. Amma da za a bi tawa, kuɗin da ake kashewa a kai waɗannan ƙasashen waje a zuba shi a kokawa da dambe da langa. Nan muke da zarata. Ranar kasuwa a buga kalangu ka ga yadda fili yake cika ba a roƙi kowa ba, ba janareto ba tasha. Wasan da sai an yi daɓen siminti an kafa ƙarfe an sayo takalmi na dubu nawa, wa zai iya a ƙauye?

Ɗan Samaru: Kawu Allah ya ja kwana, ba wanda ya ce a bar langa, ni kaina na yi ta har na gurɗe ƙafa. Amma zancen wai sai mai kuɗi, dubi Sudan ta Kudu. Ƙasar da sai 2011 ta samu 'yanci, ta sha yaƙi, lokacin da suka fara tashe ko rufaffen ɗakin wasa na kirki ba su da shi. Luol Deng da ya gama NBA ya koma ya karɓi hukumarsu yana kashe kuɗin aljihunsa, ya tattaro yaransu da suka tashi a gudun hijira a Ostireliya da Amurka. Suka je kofin duniya 2023, suka je Faris 2024 suka ci Puerto Rico, kafin nan a Landan da maki ɗaya tal Amurka ta sha da ƙyar, 101 da 100. Su ma ai 'yan waje ne Kawu, amma akwai mai riƙe da igiyar. Sannan nan Zariya da nake, Masai Ujiri a nan ya tashi, a nan ya fara wasa wajen wani Ba'amurke Oliver Johnson da ake kira Koci OBJ wanda ya shekara da shekaru yana koyar da yara. Shi Masai ɗin ne ya zama shugaban Toronto Raptors suka ɗauki kofin NBA a 2019. Daga Zariya fa Kawu, ba daga sama ba. Ko jiya da yamma na wuce filin na ga yara 'yan firamare wani ko takalmi babu silifas ne, suna layi suna koyon buga ƙwallo da hannun hagu.

Maman Ilham: To tunda an zo nan bari in fasa ƙwai. Kawu jikanka Falwaya shekararsa nawa?

Kawu Ilu: Ba na son wannan sunan Hajiya. Sha huɗu zai cika bayan kaka.

Maman Ilham: Yi haƙuri Kawu bakin yara ne ya kama ni. Amma ranar nan ya zo karɓar maganin kakarsa sai da ya sunkuya ya shigo ƙofar shagon, na ce tsaya, na sa shi ya jingina da bango na yi alama da biro na auna da tef ɗin ɗinki, ƙafa shida da inci uku. Yaro ɗan sha uku da watanni. Tafin hannunsa ya rufe faranti. Takalminsa na makaranta ya yanke bayan don ƙafar ta shiga. Kullum yara na tsokanarsa yana tafiya a duƙe don kar a ga tsayin, uwarsa tana kukan yadi huɗu ba ya isarsa. A wata ƙasar wannan yaron da tuni an zo har gida ana gaishe ka da buhun shinkafa.

Injiniya: Allahu akbar. Ƙafa shida da uku a sha uku? Malam Habu kana ina

Malam Habu: Ina nan, ai ajinmu yake, na daɗe da ganinsa. Matsalar ina zan kai shi? Filin kwando ɗaya ne a duk yankin nan, na makarantarmu, tun zamanin da aka gina ta. Ku da kuka yi karatu a nan kun san shi, bayan ɗakin gwaje-gwaje. Daɓen ya tsattsage ciyawa ta fito ta tsakiya, allon ɗaya iska ta karya shi tun ina ɗalibi, ɗayan yana nan amma ba zobe, an ce wani ya cire ya yi murhu da shi. Ƙarfen guda kuma a jikinsa maigadi yake ɗaure akuyarsa. Da kaka ta yi kuwa ba ka ganin simintin ma, shanyar tattasai ce da zoɓo da shinkafa daga wannan kusurwa zuwa waccan, don duk garin ba inda ya kai shi santsi. Na rubuta takarda sama sau biyu ana cewa ana dubawa. Ƙwallo ɗaya nake da ita tawa ta kaina, ita ma tana sacewa sai an yi mata famfo duk bayan minti ashirin.

Oga Mai Walda: Ina jin ku tun ɗazu ban sa baki ba don ban san kan abin ba. Amma in zobe ne matsalar wannan ai aikin awa ɗaya ne. Malam ba ni awo kawai.

Malam Habu: Oga Allah ya saka. Faɗin zoben daga ciki santimita 45. Daga ƙasa zuwa bakinsa mita 3 da santimita 5, wato ƙafa goma cif. Allon kuma faɗi mita 1 da 80, tsayi mita 1 da 5. Amma a yi shi da rodi mai kauri don yara sai sun yi lilo a jiki, wannan ko an hana sai sun yi.

Oga Mai Walda: Ina da guntayen rodi mai 16 da suka ragu daga aikin masallaci, zan tambayi kwamiti in sun yafe shikenan. Aikin hannu na bar muku sadaka. Allon ku nemo katako wajen kafinta, ni ba na taɓa katako. Raga kuma fa?

Baban Khalifa: Raga a ba masu saƙar koma na bakin kogi su saƙa, ko igiyar ɗaurin buhu ma ta isa. Ni kuma na ɗau nauyin ƙwallo ɗaya, Injiniya ka duba min kuɗinta a birni amma kar ka ɗauko min mai tsada. Sai a daina cewa na hana kallo

Ɗan Arsenal: Ni zan kawo yashi da babur a cike ramukan in an samu mai ba da siminti. Amma fa da sharaɗi, ranar buɗewa ni zan fara jefawa

Maman Ilham: Kai da ko kan kanta ba ka kai ba. Kuma tun yanzu a sani, in an gyara 'yan mata ma suna da rana, ko Alhamis da yamma ce a ba su su kaɗai da malamarsu, ba sai an gama a ce mana bai dace ba.

Malam Habu: Wannan sai na zauna da shugaban makaranta da iyaye, amma ni ban ga aibu ba in da shigar mutunci. Abin da nake tsoro masu shanya ne, nan da wata biyu za su dawo, kuma wasunsu iyayenmu ne ba ka iya cewa su kwashe.

Injiniya: A raba, shanya daga safe zuwa la'asar, wasa daga la'asar zuwa magariba, yaran su taya kwashewa su share. Buhun siminti biyu a kaina. Kuma in ya fara kama hannu hutun ƙarshen zango a turo min shi birni ya kwana biyu a wajena in kai shi Ƙofar Mata ya ga yadda manya suke yi, akwai waɗanda na sani tun da can da har yanzu suke koyar da yara. Ban ce zai je NBA ba fa kar a ce na yi alƙawari, dubu nawa ne suke da tsayin ba su je ko'ina ba. Amma ko tafiyar nan a duƙe ya daina an ci riba.

Ɗan Samaru: Saura amincewar mai jika. Kawu an yi shiru.

Kawu Ilu: Ina sallar isha'i ne. Na karanta. Ni ban hana ba, amma a ji da kyau, yaron nan shi ke kai min shanu kiwo da yamma kuma ba inda zai je sai mun gama yankan gero. Sannan Hajiya tunda ke kika tono zancen ke za ki nemo masa takalmin, na zagaye kasuwar Gujungu kaf ranar Lahadi ban samu lambarsa ba.

Oga Mai Walda: Malam gobe in an kawo wuta ka leƙo da tef ɗinka, nawa ya goge daga 40 zuwa sama.